Bangon da Ba Komai a Cikinsa

Gidan da muka saya a East Greensboro tsohon gidan katako ne, ɗaki uku da ɗan baranda a gaba. Lokacin sanyi da rigunan sanyi muke kwana alhali hitar ɗumama gida tana ta ruri. Lokacin zafi kuwa esi ba ta hutawa. Kuɗin wuta duk wata sai ka ce hayar wani ɗakin muke biya. Maigidana direban babbar mota ne, yakan yi kwanaki a hanya, saboda haka ni da yara muka fi sanin azabar gidan.

Yayansa ne ya ce a bar masa aikin. Shi ne babba a ɗakinsu, shi ya riga zuwa Amurka, shi ya yi wa maigidana hanya, kuma a gidansa na sauka da aka kawo ni. Sana'arsa gyaran gidaje: fenti, silin, tayil, duk abin da ya samu. Ya ce ciwon gidanmu rashin insuleshan ne, wannan abu mai kama da auduga da ake cusawa cikin bango da saman silin don ya tare sanyi da zafi. Ya faɗi kuɗin, maigidana ya biya ko ragi bai nema ba. Na kwashe yara muka koma gidan wata ƙawata har aka gama. Da muka dawo muka tarar da sabon fenti, da ƙananan faci a bango inda ya ce ta nan aka hura audugar. Sanyin dai yana nan. Da na yi magana sai Yaya ya ce laifin tagogi ne, sun tsufa.

Bayan 'yan shekaru muka ga wani gida wajen Summerfield mai fili a baya, muka yanke shawarar sayar da namu. A lokacin an sayar da gidan da ke kallon namu, ginin iri ɗaya, tsufan iri ɗaya, a kan farashin da ya sa maigidana ya kasa zama. Dillaliyar da muka ɗauka ta ce abin da ya ɗaga wancan gidan shi ne makin da aka ba shi na tsimin wuta. Masu saye yanzu ba kicin da banɗaki kaɗai suke dubawa ba, suna son sanin nawa gida zai riƙa ci musu duk wata. Ta ce tunda mun yi insuleshan, mu kira mai awo ya ba mu maki, ta sa a talla.

Mai awon ya zo da hantsi, ranar da sanyi ke yankan kunne. Ya toshe ƙofar gaba da wani jan ƙyalle mai ƙatuwar fanka a tsakiya, ya kunna. Nan take gidan ya fara fito ta ko'ina. Labule na motsi alhali taga a rufe, iska na fitowa ta soket, ta ƙasan allon bango, ta gefen fitilar silin. Sai ya ɗauko wata kyamara mai nuna zafi da sanyi, ya haska bangon falo. Duk shuɗi ne, alamar sanyi. Ya kwance murfin soket ya zura siririn ƙarfe, ƙarfen ya shige ba abin da ya tare shi. Ya hau saman silin ya sauko, ya ce audugar da ke can a bakin ƙofar hawa kawai aka zuba ta, iyakar inda ido zai kai.

Maigidana ya ce masa ya sake dubawa, an yi aikin, ɗan'uwansa ne ya yi. Mutumin bai yi gardama ba, ya miƙa masa kyamarar ya ce ya duba da kansa.

Makin da muka samu ko rabi bai kai ba. Kashegari dillaliya ta kira ta ce ma'auratan da suka nuna sha'awa sun tambayi makin, da suka ji sun janye. Ta ce ko dai mu rage farashi sosai, ko mu gyara. Idan muka rage, gidan Summerfield ya fi ƙarfinmu.

Ranar Asabar ce, yara suna islamiyya. Maigidana ya ajiye waya, ya fita bayan gida, ya dawo da babbar guduma. Na ce, "Abban yara, me za ka yi?" Ya ɗaga ya maka wa bangon falo, daidai kan facin Yaya. Farar ƙura ta tashi, hoton Ka'aba da ke rataye ya faɗo gilashinsa ya tarwatse. Ya sake makawa, ya sa hannu ya fizgo allon bangon. Ba komai a ciki sai katako da wayar wuta da busasshen kashin ɓera. Ya wuce ɗakin yara ya fasa, ya shiga namu ya fasa. Ko'ina wayam. Facin ma ashe ba a kan rami aka yi shi ba, shafawa kawai aka yi a kan lafiyayyen bango.

Ni na kira Yaya. Na ɗauka idan babba ya zo zai kwantar da shi.

Ya shigo da sallama, ya tsaya yana kallon ramukan. Maigidana yana tsaye a tsakiyar falo, kansa fari fat da ƙura, gudumar a hannunsa.

Ya ce, "Yaya, ina audugar?"

"Ajiye wannan abin tukuna mu yi magana."

"'Ya'yana sun yi shekaru suna tari a ɗakin nan. Ina audugar?"

Yaya ya ce a lokacin motarsa ta aiki ta lalace, an kuma matsa masa da neman kuɗi daga gida, ya yi niyyar dawowa ya ƙarasa, abubuwa suka sha kansa. Da ya tsaya a nan, wataƙila da abin bai kai inda ya kai ba. Amma sai ya ƙara da cewa, "Kai yanzu a kan auduga za ka tsare ni? Wa ya kawo ka ƙasar nan? A gidan wa ka ci ka sha kafin ka san hanyar tasha?"

Maigidana ya ce, "Ɓarawo."

Marin da Yaya ya kai masa har yanzu ina jin ƙararsa. Tun da aka haife su ƙanin bai taɓa ɗaga masa hannu ba. Ran nan ya saki gudumar ya shaƙe shi, suka yi baya suka faɗa kan teburin falo ya karye gida biyu. Yaya ya fi jiki, ya juye shi ya danne, yana naushinsa a baki. Na ga haƙori a kan kafet. Na kama rigar Yaya ta baya ina ja, ina cewa ku ji tsoron Allah. Ban san gwiwar hannun wanne daga cikinsu ce ta same ni ba. Na yi taga-taga na faɗa kan tagar gaba, hannuna ya shige ta gilashin. Ban ji zafi ba da farko. Na dai ga fatar damtsena ta buɗe, jini na bin yatsuna yana zuba a kan siket ɗina.

Ba wanda ya lura da ni. Maigidana ya laluba ya samu gudumar, yana kwance ya kai duka. Yaya ya tare da hannu. Na ji ƙashin ya ce ƙas, kamar an karya rake. Ya yi wani irin gurnani ya mirgina gefe, ya miƙe ya nufi ƙofa riƙe da hannun da ya lanƙwashe inda babu gaɓa. Maigidana ya bi shi waje.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwa baƙar fata da ke gaisawa da ni ta kan shinge, ta ji fashewar taga ta kira 'yan sanda. Ina fitowa baranda motocinsu na tsayawa. Abin da suka gani shi ne baƙin mutum, baki duk jini, riƙe da guduma, yana bin wani, ga mace a bayansa jina-jina. Suka zaro bindigogi suna daka masa tsawa ya yar. Shi kuwa ya tsaya cak, kamar bai taɓa jin Turanci ba.

Yaya ne ya juyo. Ya shiga tsakaninsa da bindigogin, karyayyen hannun na reto, ya ce da Hausa, "Don girman Allah yar da ita. Kashe ka za su yi. Yar da ita, ka kwanta."

Gudumar ta faɗi a kan ciyawa. Suka kifa su duka biyun, gwiwa a gadon baya. Da suka murɗa hannun Yaya za su sa ankwa, ya yi ƙarar da ta sa dattijuwar ta toshe kunne. Ita ce ta zo ta ɗaure mini damtse da tawul ɗin kicin, tana danna wa da ƙarfi har motar asibiti ta iso.

An yi mini ɗinki mai tsawo. Yatsuna biyu har yau ba sa jin sanyi ko zafi sosai. Yaya sai da aka sa masa ƙarfe a hannu, ya yi watanni bai riƙe burushin fenti ba. Maigidana ya kwana a tsare, aka yi ta zarya zuwa kotu a tsakiyar gari, kamfaninsa suka dakatar da shi har aka gama. Wani Alhaji, dattijon masallacinmu, shi ya tsaya. Ya zaunar da su, ya ce wa Yaya amana ya ci, ya ce wa maigidana saura ƙiris ya mayar da 'ya'yan ɗan'uwansa marayu ya mayar da nasa. Kotu ta ƙare da tara da zuwa ajin koyon danne fushi. Ba wanda ya ce wa wani yi haƙuri.

Tunda bangon ya riga ya buɗe, muka kira wani kamfani suka cusa audugar, ina tsaye ina kallo da hannu a naɗe. Aka toshe ramukan iska, aka canza tagogin gaba. Mai awo ya dawo da fankarsa, makin ya haura sosai. Gidan ya sayu da daraja fiye da yadda dillaliya ta faɗa bayan awon farko, amma abin da asibiti da lauya da gyara suka ci ya cinye bambancin. Gidan Summerfield wani ya saye. Muka kama haya a wani bene kusa da makarantar yara.

Ranar tashi, muna cikin loda kaya, sai ga motar Yaya. Ba wanda ya gaya masa, ko kuma matarsa ce ta ji ta faɗa masa, ban tambaya ba. Bai yi wa ƙaninsa magana ba. Ya kama gefen firiji da lafiyayyen hannunsa, maigidana ya kama ɗaya gefen, suka sauko da shi daga baranda suna nishi. Da azahar na zuba musu shinkafa da wake a faranti biyu, don na san ba za su ci a kwano ɗaya ba. Suka zauna a kan akwatuna, kowa na kallon gabansa. Can Yaya ya ce, "Amarya, babu yaji ne?" Na ce yana cikin kwalin da aka riga aka loda. Maigidana ya tashi ya hau motar kayan ya shiga nema.