Ranar da Desanka Ta Ƙi Ƙifta Fitila

A garinmu ko kare ya san motar madarar Desanka, wata farar akwala mai ƙofar baya ɗaure da waya. Shekara goma sha huɗu tana hawo kwarin nan da sassafe daga kamfanin cuku, tana kwasar madara gida-gida. Ita gajeriya ce, ga damtse kamar na maƙeri, taba a baki, bakin kuwa ba linzami. Mijinta ya tafi Jamus neman aiki bai dawo ba, ta ce ya kyauta, dama munshari ya fi iyawa.

Tunda ita ke fara ƙetare gada, ita ke fara ganin ko 'yan sanda sun kafa shinge da abin busawarsu na gwajin barasa. In suna nan, duk motar da ta gamu da ita sai ta ƙifta mata fitila sau biyu. Wanda ya karya kumallo da barasa, kuma rabin mazanmu da ita suke kurkure baki, sai ya saki kwalta ya bi ta gonakin inabi. Kowa na yi wa kowa haka, amma nata ne ba ya ƙarya.

To akwai Milutin. Masinja ya yi a kotu har ya yi ritaya, shi ke nan ya naɗa kansa lauya. Kullum yana mashaya yana ba maza karatun tsallake gwajin: tauna 'ya'yan kofi, kada ka busa da ƙarfi, ka ce jini za a auna a asibiti, haƙƙinka ne, kafin a kai ka barasar ta sake ka.

Shi ne ya banke Zorka, ƙanwar Desanka, tana kan keke za ta coci. Da rana tsaka! Bai tsaya ba. Ya zarce mashaya ya ɗirki barasa kofi uku a gaban mutane, da 'yan sanda suka zo ya ce bayan hatsarin ya sha, don tsoro. Wa zai auna ta ɗazu da ta yanzu? Kotu ta ci shi 'yar tara, lasinsa na aljihunsa. Zorka kuwa ƙafar hagu ta gajarce, har yau da sanda take zuwa bakin rijiya.

Desanka ba ta zage shi ba, abin da ya ba kowa mamaki ke nan. Abu ɗaya ta sa a gaba, sai an raba tsohon nan da sitiyari. Shekara uku tana ƙifta masa fitila kamar kowa, har ya riƙa cewa a mashaya, "Yarinyar nan ta san ƙaddara." Ita kuwa jira take abu biyu su haɗu: ya sha ya yi tatul, kuma ba Obrad ke kan gada ba, tsohon kofur ɗin 'yan sandan da suke farautar zomo tare da Milutin.

Abu biyun suka haɗu a makon dafa barasa, lokacin da tukunyar ke yawo gida-gida, maza na ɗanɗanawa tun asuba wai su ji ko ta yi. Ta ƙetare gada, sai ga sabon saje da aka turo daga birni, ko gaisuwa ba ya amsawa. Ta hawo kwarin. Mota uku ta gamu da su, duk ta ƙifta musu. Can sai ga koriyar motar Milutin tana tangaɗi. Ta ɗaga masa hannu har da murmushi, fitila kuwa ko taɓa ta ba ta yi ba.

Ya wuce kwanar gonakin inabi hankali kwance. Ta juya akwalarta ta bi shi, madara na kwarara daga garewani. Da ya sha kwanar ƙarshe ya hango shinge, ya taka birki ya sa ribas. Ina! Tana manne da bayansa, hanya kuma ta mota ɗaya ce, rami dama da hagu.

Ya leƙo ta taga. "Ke Desanka, ja baya mana, 'yata!"

"Baba Lauya, ai ribas ɗina ya mutu tun bara. Ƙarasa mana, ga ɗalibai can suna jiran karatu."

"Uwarki na sani tun tana budurwa!"

"Ta gaishe ka. Zorka ma."

Saje ya tako ya miƙa masa abin busawa. Milutin ya gyara hula. "Ɗana, shekara talatin na yi a kotu. Ba zan busa ba. Jini za a auna, haƙƙina ne."

"Haƙƙinka ne, Baba. Asibiti minti goma ne. Fito."

"To bari in ɗauko takarduna." Ya kai hannu ƙarƙashin kujera.

Desanka ta kwatsa ihu daga motarta: "Yallaɓai, riƙe hannun nan! Kwalba yake lalube, zai kurɓa a gabanka ya ce yanzu ya sha. Tsohuwar sana'arsa ce!"

Saje ya damƙe hannun. Kwalbar ce kuwa, har ya cire murfi.

An karɓe lasinsa na shekara biyu, a shekarunsa kuma likita ba zai sake sa masa hannu ba. Maza suka ce ta ci amanar hanya. Gida huɗu suka daina ba ta madara, ta ce su yi wanka da ita.

Da yamma ta kai wa Zorka labari. Zorka na ɓare wake, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"To Yaya, ƙafata ta miƙe?"

"Ba ta miƙe ba. Amma gobe kasuwa, kilomita tara ne, bas ba ya zuwa ran Talata, kuma an ce za a wuni ana ruwa. Milutin kuwa da ƙafa zai taka. Ki shirya da wuri, kujerar gaba taki ce."

Zorka ta ajiye kwanon. "Za ki rage gudu in mun zo dab da shi?"

"Giya ta ɗaya zan sa wa motar, muna biye da shi har kasuwa."