Silin Gemu a Ƙarƙashin Leda

Ina zaune a gareji ina jiran a duba mini birki, amma idona yana kan dattijon da ke manna wa motoci ledar kare fenti. Gajere ne, gemunsa fari tas, hannun riga a naɗe. Ba agogo, ba zobe, kada su karce mota.

A gabansa akwai wata baƙar motar tsere, cikinta kamar zai taɓa kwalta. Mai ita yana tsaye yana kaɗa makulli. Kullum da ita yake zuwa aiki, ga tsakuwar hanya tana yi wa gabanta barazana.

Dattijon ya kashe fanka, ya fesa ruwan sabulu a bonet, ya shimfiɗa ledar, yana korar kumfa a hankali. Na rantse tela ne a da, don haka suke bin yadi da tafin hannu.

Yana gamawa ya sunkuya, ya tsaya cak. Sai ya kama gefen ledar ya fara ɗayewa.

"Haba Baba!" in ji mai motar. "Lafiya?"

"Gashin gemuna ne ya shiga ciki. Sili ɗaya."

"Bar shi, don Allah, na makara. Wa zai gani?"

"Kai za ka gani, ɗana. Ran da idonka ya faɗa kansa, ka daina ganin motar ke nan, sai shi."

Dattijon ya zaro hankici, ya ɗaure gemun tam, ya sake ɗaukar ruwan sabulu. Mai motar ya nemi benci ya zauna kusa da ni.