Ranar da Na Tara wa Maigidana Jama'a a Banza

Ko tsufa ya rikita ni, ba na jin zan manta ranar da ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar maigidana ya fitar da mataimakinsa. Lokacin ina tuƙa wani dattijo, tsohon sanata. Kullum sai na yi sammako daga Kubwa na shigo gari na ɗauki mota.

A makon nan Abuja ba ta da zance sai na mataimaki. Wannan ya ce daga yanki kaza za a ɗauko, wancan ya ce gwamnoni sun ƙi. Ran nan da hantsi muna kan hanya aka kira oga. Ban ji abin da mai kiran ya ce ba, amsar oga kawai na ji: "Ni? Yau ɗin nan? To, Allah ya sa haka ya fi alheri. Zan shirya." Ya kashe waya, ya ce in juya gida zai sake kaya.

Yana shiga ciki na raɗa wa maigadi. Ban ma ce ina tsammani ba, cewa na yi an gama, oga ne. Kafin ya fito cikin farar babbar riga, har makaɗa sun iso ƙofar gida. Ya dube su, ya dube ni, bai ce komai ba. Ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin tabbaci.

Da muka isa gidan ɗan takara aka shige da shi, ni na koma gindin bishiya wajen direbobi. Mu huɗu ne, kowa yana fara'a. Na ce su taya ni murna. Wani ya ce, "Murnar me? Mu da tun jiya aka gaya wa namu oga?" Wani Bayarabe ya daki ƙirji ya ce, "Oga na ita ce, wallahi, har fosta mun buga!" Nan kaina ya fara ɗaurewa. Mataimaki nawa ake ɗauka ne? Ana cikin haka maigadi ya kira ni, wai gida ya cika, Hajiya matar oga ta sa an ɗora tukwane, wani ma ya aiko da sa daga Tungan Maje.

Bayan la'asar rediyon wata mota ya faɗi sunan. Ba oga na ba ne, ba kuma na ko ɗayansu ba. Muka yi tsuru-tsuru. Bayaraben nan ya ce, "Wane ne wannan kuma?"

Da oga ya shigo mota na ce, "Ranka ya daɗe, gida?"

Ya ce, "Wa ya tara min mutane?"

Na ce ni ne. Na riga na saddaƙar aikina ya ƙare.

"Kirana aka yi in ɗaga hannun wanda aka zaɓa," in ji shi. Mun yi nisa, sai na ji yana magana ƙasa-ƙasa kamar da kansa: "Ko da yake da safe ba haka suka ce ba."

Har yau ban san wanne ne gaskiya ba. Ni na yi kuskuren fahimta, ko shi aka juya wa magana kafin yamma? Muna isa gida ya fito da murmushi, ya ce a yanka san nan, jam'iyya ta sami mataimaki. Mutane suka ci nama suna kallon juna.

Bai kore ni ba. Amma daga ranar, duk lokacin da wayarsa ta yi ƙara sai ya ce in tsaya gefen titi in fita. Shekara uku ina tsayuwa a rana. A nan na koyi cewa idan rabin magana ka ji, ka bar ta a cikinka, don sauran rabin da za ka ƙarasa da kanka wani ne zai sha kunyarsa.