Tambarin da Na Liƙa wa Kwamfutar Surukina

Surukina malami ne a Yendi, shi ke buga wa masallatan unguwarsu jadawalin sahur da buɗa-baki da wata tsohuwar manhaja. Saura mako uku azumi kwamfutarsa ta mutu. Aka aiko mini da ita shagona na gyara a Salaga, cikin motar doya, an naɗe ta da zane.

Na samo wata, amma ƙwaƙwalwarta ta wani kamfani ce, abokin hamayyar wanda ya ƙera ta farkon. Ni na san babu matsala. Kamfanonin ba sa ga maciji da juna, amma ƙwaƙwalen da suke ƙerawa umarni iri ɗaya suke ji, kamar Bagonje da Badagombe suna ciniki da harshen Hausa. Malam kuwa ya ce mini a waya, "Manhajata ba ta san baƙo ba. Ka nemo irin ta da."

Wa zai yi musu da suruki? Sai na sa reza na ɓamɓare tambarin kamfanin daga jikin matacciyar kwamfutar, na liƙa wa sabuwar. Manhaja ta tashi lafiya lau. Malam ya shafa tambarin da yatsa, ya yi ta sa mini albarka, ni kuma ina amin, cikina fal dariya. Shekara biyu ina jin kaina gwani, kuma ba abin da nake so kamar ya ci gaba da ganina mai gaskiya.

Sai ɗansa da ke Bawku ya aiko masa da ƙaramar kwamfuta ta shafawa, mai ƙwaƙwalwa irin ta waya. Wannan zuriyarta daban ce, ba ta jin ko kalma ɗaya ta umarnin waɗancan. Malam ya kira ni Yendi. Na tarar da shi a zaure da limamai uku.

"Na rage maka aiki," in ji shi. Ya juya bayanta, sai ga tambarin nan ya ɓamɓaro ya liƙa mata, a karkace. "Zuba manhajar."

Na ce, "Baba, ba tambari ke sa ta aiki ba."

"To, me ya sa ka liƙa mini shi?"

Limamai suka tuntsure da dariya. Kunya ta kama ni har na kasa ɗaga kai.

"Tun ranar farko na ga gam a gefensa," in ji Malam. "Shekara biyu nake jira ka faɗa mini da bakinka."