Ranar da Abdulghaffar Ya Rasa Hannunsa

Abdulghaffar mutumin Gadarif ne, daga cikin Hausawan Sudan. Yana saurayi ya tsallako teku don sauke farali, da aka gama aikin Hajji guzuri ya ƙare, sai ya tsaya a Jidda. Ƙato ne mai faɗin ƙirji, magana ba ta dame shi ba. Ya samu dako a rumbun siminti na wani ɗan kwangila kusa da tashar jiragen ruwa, ya auri Luba mai tuyar waina a kasuwar Bab Makka, suka kama ɗaki a unguwar Hindawiyya.

A lokacin baƙo mai iƙama, wato takardar izinin zama, yana biyan haraji daga albashinsa. Mai karɓa a hannun 'yan dako shi ne Yahya, wakilin ɗan kwangilar, haifaffen Jidda, wanda Hausarsa rabi Larabci ce. Duk ƙarshen wata sai ya cire na hukuma kafin ya miƙa wa mutum nasa. Shekara da shekaru ana haka, ba wanda ya taɓa tambaya.

Wata ranar biya, da hantsi, 'yan dako suka tarar da Yahya zaune a tebur, gefensa ma'aikacin haraji da askarawa. Ma'aikacin ya ce ba a taɓa kai ko sisi da sunansu ba, don haka daga yau za a riƙa yanke rabin albashin kowa har bashin ya fita.

Layi ya zo kan Abdulghaffar. Ya dubi 'yan riyalolin da aka turo masa, bai taɓa su ba.

"Yahya, wanda kake cirewa fa? Ina ya shiga?"

"Ya Hajj, wannan maganar hukuma ce. Ɗauki ka wuce."

"Da hannunka kake cirewa, a gabana."

"Kana da shaida? Halas! Yalla, na baya!"

Yahya ya ɗaga sandarsa ya zungure shi a ƙirji. Abdulghaffar ya kama teburin ya kife shi a kan ma'aikacin harajin, kuɗi suka watse a ƙasa. Ya shaƙo wuyan Yahya, ya ɗaga shi sama, ya gwara masa goshi a baki. Haƙora suka zube. Ya maka shi a kan buhunan siminti, ya danne shi da gwiwa yana naushi, jini na cakuɗewa da ƙura. Sauran 'yan dako suka yi kan masu gadin rumbun da ƙugiyoyinsu, wuri ya hargitse. Wani askari ya sauke wa Abdulghaffar gindin bindiga a ƙeya, bai saki ba. Sai da wani mai gadi ya ɗauko rodi ya dinga sara masa a hannun dama har ƙashi ya fito waje, sannan ya faɗi.

A ɗakin tsaro hannun ya kumbura ya yi baƙi. Kafin a kai shi asibiti ya riga ya ruɓe, likita ya yanke shi daga gwiwar hannu. Da ya warke alƙali ya sa aka yi masa bulala, ya kuma yi zaman kurkuku. Maganar kuɗin kuwa ba wanda ya bi ta. Aka mayar da Yahya wani rumbun, aka ci gaba da yankar albashin 'yan dako har bashin ya ƙare.

Ɗan kwangilar ya so a kori Abdulghaffar daga ƙasar. Luba ce ta bi shagunan Bab Makka tana roƙo, har wani tsohon mai yadi, Othman, ya yarda ya zama kafilinsa, mai tsaya masa a wurin hukuma. A nan Abdulghaffar ya ƙare rayuwarsa yana gadin shago, yana naɗe yadi da hannu ɗaya da haɓa.

Yana kwance ciwon ajali Yahya ya zo, ya tsufa, bakinsa a karkace, ya tsaya a ƙofa.

"Malam," in ji Luba, "Yahya ne. Gafara yake nema."

Abdulghaffar ya juya fuskarsa ga bango.

"Ce masa na bar shi da Allah. Amma ban yafe ba."

Luba ta fita ta faɗa masa haka, ba ta rage ko kalma ba.