Asibi Mai Karatun Bayan Isha

Asibi ba ta tuna tsohon garinsu sosai. Abin da ta riƙe kawai shi ne tana zaune a saman kaya a bayan wata babbar mota, uwarta na riƙe da ƙafarta kada ta faɗo, manya suna ta kuka, ita kuwa tana murna don ba ta taɓa hawa mota ba. A shekarar ne ruwan dam ɗin Tiga ya taso ya shanye gidajensu da gonakinsu har da maƙabarta. Aka yanka musu fili a kan tudu mai tsakuwa, aka ce nan ne gari. Manoman da ba su taɓa taka kwale-kwale ba suka koyi kamun kifi a dole.

Sabon garin ya zo da abin da tsohon ba shi da shi, wato makarantar firamare. Mai unguwa ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya. Uban Asibi yana buƙatar 'ya'yansa maza a ruwa, sai ya ba da ita. Lissafi bai taɓa zauna mata ba, amma karatun Hausa ta sha shi kamar ruwa. Ko takardar ƙunshin ƙosai ta tsinta sai ta ga abin da ke jikinta.

Da ta isa aure ta zaɓi Ɗanasabe, wani dogon masunci marar yawan magana. Ya yi allo yana yaro, amma a boko ko harafi ɗaya bai sani ba. Shi yana ruwa, ita tana banda kifi a tsakar gida, ran kasuwa ya kai Kafin Maiyaƙi ya sayar.

Wata rana ya dawo da kwandon kifi, ta tarar da wani ɗan littafi marar bango a ciki, wani dillali ya manta da shi. Bayan sallar isha ta hau gado, ta jingina da bango, ta jawo fitilar ƙwai ta soma dubawa. Can ta tuntsire da dariya.

Ɗanasabe, da ke kwance ya ba ta baya, ya ce, "Ke da wa?"

"Ni da wani mutum a nan ciki, Malam. Wai ya sayi jaki bai duba haƙoransa ba."

Jim kaɗan ya ce, "To, ɗaga murya mana mu ji yadda ya ƙare."

Ba su ji yadda ya ƙare ba, domin shafukan ƙarshe sun yage. Abin ya tsaya wa Ɗanasabe a rai. Da kasuwa ta zagayo ya nemi mai shimfiɗa littattafai a gefen tasha, ya sayo wani sabo, ya ɓoye a aljihun 'yar-shara. Wai ya ce wa mai sayarwar na yara ne, alhali a lokacin ko haihuwar fari ba su yi ba.

Daga nan abin ya zama musu kamar tuwon dare. In an idar da isha, an rufe kaji, sai ya miƙe a gado da ƙafafunsa masu faso, waɗanda ruwa ya jiƙa rana ta busar har suka tsattsage. Ita kuma ta ɗora fitila a kan akwati ta buɗe inda aka tsaya. Ɗanasaben da ke yini a bakin ruwa bai yi magana goma ba, a nan bakinsa yake buɗewa. Yakan katse ta ya ce, "Tsaya. Wannan yaron ƙarya yake yi mata, ki lura." Ko ya ce, "Koma baya, ban gane wa ya shigo ba." Yawanci barci ke sace shi a tsakiyar shafi, tunda kafin asuba zai tashi duba komarsa ta kamun kifi. Washegari in ta ce ya yi barci a wuri kaza, sai ya musa, ya ce idonsa kawai ya rufe.

Ta haihu shida, biyu suka tsaya, Hafsat da Ghali. Lokacin da ƙyanda ta ɗauke musu Ukasha, wanda ya riga ya fara tafiya yana bin ubansa har ƙofar gida, Asibi ta daina kunna fitila. Sai su kwanta cikin duhu kowa yana jin numfashin ɗan'uwansa. Ɗanasabe bai iya ba da haƙuri da baki ba. Wani dare ya kunna fitilar da kansa, ya lalubo littafi ya ɗora mata a cinya, ya koma ya kwanta. Ta daɗe tana kallonsa kafin ta buɗe. Ta karanta shafi guda, shi kuma ranar bai katse ta ba ko sau ɗaya.

Haka shekaru suka tafi. Fitilar ƙwai ta ba tocila wuri, tocila ta ba fitilar caji. Hafsat ta yi aure a Burumburum, Ghali ya tafi Bebeji koyon gyaran babur ya zauna can. Littattafai suka cika buhu guda.

Ciwon ido bai zo mata da hayaniya ba. Asibi ta fara tuntuɓe da turmi, ta buge randa da kafaɗa, ta miƙa hannu ɗaukar ludayi ta kuskure shi. Gefe da gefe ne ke rufewa, kamar tana leƙen duniya ta cikin bututu. Tunda tana ganin rubutu in ta sa shi daidai gabanta, sai ta ce gajiya ce da hayaƙin banda. Ta sa kwalli, ta ɗiga maganin kemis, ta wanke da jiƙon da wata mata ta ba ta. Ba ta gaya wa kowa ba sai da idon hagu ya tafi gaba ɗaya.

Ghali ne ya kai su asibitin ido a Kano. Likita ya haska, ya auna, ya ajiye abin awonsa ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Na hagu jijiyarsa ta mutu. Na dama za a ba da maganin ɗigawa ko Allah zai sa ya jinkirta, amma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Har sun miƙe Ɗanasabe ya juyo. "Likita, don Allah in yi tambaya. Karatu da fitila da dare, shi ke kawo wannan?"

"A'a, Baba. Ko ba ta taɓa riƙe littafi ba zai iya samun ta."

Ɗanasabe ya gyaɗa kai, amma Asibi ta san bai yarda ba. A gida kuma ba a bar shi ya yarda ɗin ba. Yayarsa Saude ta zo dubiya, ta zauna a bakin ƙofa ta ce, "Ai dole. Shekara da shekaru mace ta ƙura wa takarda ido a gaban wuta, ana hayaƙi da rana ana fitila da dare. Wanda ya sa ta bai ji tausayinta ba." Yana tsakar gida yana ɗinkin koma, ya ji komai. Bai ɗago ba.

Maganin wani watan a samu, wani watan babu. Na dama ya ci gaba da rufewa. Duk da haka Asibi ba ta fasa ba. In dare ya yi sai ta ce ya miƙo mata ɗaya daga cikin tsofaffin, waɗanda ta maimaita har ta haddace, ta buɗe ta yi ta zuba labari daga kanta tana juya shafi. Ta ɗauka bai gane ba. Wani dare tana cikin yi ta ji ya tashi zaune.

"Asibi."

"Na'am, Malam."

"Hoton bangon nan kansa a ƙasa yake."

Littafin na nan a hannunta. Ya zare shi a hankali. Ta ji ya tattara sauran ya zuba a buhu, ya ɗaure, ya rataye a jikin azara. Sannan ya kashe fitila. A daren ta ji gado yana girgiza kaɗan-kaɗan, ta san kuka yake, ta yi kamar ta yi barci don kada ya ji kunya.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi muni a zamansu. Ta daina banda, don ta ƙona hannu sau biyu. Yini take zaune, dare ya yi ta koma gado, duk ɗaya ne a wurinta. Ta zama mai faɗa, abu kaɗan ta hau shi da masifa. Shi kuma ya ƙara shiru, yana yi mata komai kamar mai biyan laifi: ya ɗebo ruwa, ya kai ta bayan gida, ya sa mata buta daidai hannunta. Wannan lallaɓawar ta fi komai ƙona mata rai.

Ran nan bayan isha ta ji an sauke buhu. Ta ji ƙarar takarda, ta ji ya zauna kusa da ita yana huci kamar wanda ya ja jirgi.

Ya ce, "Wannan mai kama da ƙugiya, da ɗigo a kanta, mene ne sunanta?"

Ta juyo wajensa. Sannan ta ce, "Kawo hannunka." Ta zana masa a tafin hannu da yatsa. "Haka take?"

"Haka take."

"Ja ke nan. In ka ga mai zagaye kamar bakin gora a gabanta, ka ce jo."

Mutum ya haura hamsin, idonsa ya saba da hangen motsin kifi daga nesa, yanzu an ce ya bi ƙananan baƙaƙe da yatsa. Ya sha wuya. Yakan rikita harafin ba da na da, ya manta na jiya, ya yi tsaki ya ce kansa ya bushe. Sai da damina ta zagayo sau biyu kafin ya iya haɗa layi. Ko a lokacin, karatunsa kamar mai tafiya a cikin laka yake, ya ciro wannan ƙafa waccan ta nutse.

Wani dare haƙurinta ya ƙare ta ce, "Haba Malam, kafin ka kai ƙarshen layi na manta farkonsa!"

Ya rufe littafin ya kwanta. Kwanaki bai sake taɓa shi ba. Ita ce ta lallaɓa ta lalubo shi a ƙarƙashin matashi ta tura masa. "Ka yi haƙuri. Bakina ne." Ya karɓa, ya ci gaba daga inda ya tsaya. Daga baya har ya sayo sababbi waɗanda ba ta taɓa ji ba, sai ya zama ita ke katse shi tana cewa a koma baya.

Ba su daɗe a haka ba. Kifi ya yi ƙaranci a kusa, masunta suna ta nisa cikin dam. Wata safiya ta damina Ɗanasabe ya fita da maƙwabcinsa Abdulmumini. Wajen hantsi hadari ya haɗo daga gabas da iska mai ƙarfi. Asibi na zaune a ɗaki tana jin kwanon rufi yana kaɗawa. Da la'asar ta ji sallamar Abdulmumini shi kaɗai, muryarsa a dashe, da takun mutane da yawa a bayansa. Kafin ya yi magana ta ce, "Ina ka baro shi?"

Jirgin ya kife ne a tsakiya. Abdulmumini ya kama gora ya tsira, Ɗanasabe koma ta naɗe masa ƙafa. Sai washegari aka same shi a cikin ciyawar gaɓa. Da aka gama yi masa sutura ta roƙa a kai ta. Aka ce fuskar ba ta taɓuwa, ruwa ya ɓata ta. Ta ce ba fuska take nema ba. Ta durƙusa ta laluba ta ƙasan likkafani har ta kama dugadugansa, ta shafa fason nan, ta yi masa addu'a, ta ce a ɗauka.

Da ta fita takaba Ghali ya zo ya tafi da ita Bebeji. Ta tambayi buhun. Ya sauke ya kwance, ya ce, "Inna, ɗigar rufi ta jiƙa su, gara kuma ta shiga. Sun zama gari." Ta sa hannu ta damƙo, ta ji abin yana marmashewa. Ta ce a bar su nan.

Matar Ghali, Bushira, yarinya ce mai kirki. Da ta ji labarin karatun daga bakin Hafsat, sai ta sa aka tura mata littattafan da ake karantawa a waya, ta riƙa ajiye wa surukarta a gefen matashi bayan isha. Muryar wata budurwa ce, mai daɗi, ba gargada ba tuntuɓe. Asibi ta saurara dare na farko da na biyu. A wani daren aka zo wurin da ba ta gane ba, ta ce, "Tsaya, wa ya faɗi haka?" Muryar ta wuce abinta. Asibi ta kwanta shiru har labarin ya ƙare.

Da safe ta miƙa wa Bushira wayar. "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan. Ki bar shi haka, yana cinye miki caji."

"Inna, ai ba komai, akwai sola."

"Na sani. Ki bar shi dai."

Yanzu tana nan a ɗakin da ke kusa da zaure. Maƙwabta na kawo mata gyaɗa ta ɓare musu, hannunta ya fi na masu ido sauri. Ba ta faɗa da kowa, ba ta kuma yawan magana. Tana idar da isha take hawa gado, amma Bushira ta ce duk lokacin da ta leƙa takan same ta a zaune, ta jingina da bango. Tun bara ta roƙi Ghali ya kai ta garinsu ta gaisa da mutane, ya ce sai aiki ya yi sauƙi. Ba ta sake tuna masa ba.