Guntun Faransancina Ya Jefa Kakata A Lambatu

Shekaru kaɗan kafin Faransawa su bar ƙasar nan, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da ɗoriya, ina awon atamfa a kantin wani Bature. A can na tsinci Faransancin da bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, amma idan na dawo unguwarmu ta Sankilo sai in riƙa zuba shi a bakin titin Koudoukou ina ɗaga kafaɗa. Mutanenmu Hausa da Sango, yaren ƙasar, suke ji, babu mai kama ni, har aka soma kawo mini takardu in duba.

Kakata ta wajen uba ce ta raine ni. Iya muke kiranta, ita kuma ta ce da ni maigidanta, kullum muna cikin tsokanar juna. Tana sayar da daddawa da kuka a ƙofar gida, kuma an san ta da hangen nesa: mutum na tahowa tun daga wajen masallaci za ta faɗi ɗan gidan wane ne. Na kusa ne ba ta iyawa. Ban taɓa ganin ta zura zare a allura ba, tsintar shinkafa kuwa sai dai ta tura wa matan gida. Da cutar yanar ido ta rufe mata ido biyu, har nesan ya tafi. Ta daina fita, ta daina zuwa unguwar Miskine wajen ƙanwarta, wadda a da ba ta kwana uku ba ta taka ta gano ba. Wannan ya fi komai cin ranta.

Da muka ji an kawo likitan ido babban asibiti, ni na kai ta. Akwai wani malamin asibiti, dattijo mai haƙuri, da yake fassara maganar likita zuwa Sango. Na ce masa ya huta, na iya bakin Bature. Aka yi aikin, ta yi kwanaki a kwance ba motsi, aka kwance bandeji, haske ya shigo amma komai dishi-dishi. Bayan wasu makonni muka koma awon tabarau. Likitan ya yi dogon bayani yana nuna taga, yana nuna tafin hannunsa, sannan ya jefo mini tambaya. Wallahi cikin kalma goma ban kama uku ba. Malamin nan yana tsaye a bakin ƙofa, juyawa kawai zan yi. Amma na riga na cika baki, sai na gyaɗa kai na ce, “Wi, doktar,” wato “E, likita.” Iya ta tambaye ni me ya ce. Na ce cewa ya yi komai ya yi kyau. Daga baya na gane bayaninsa: an cire abin da ke tattara gani a cikin ido, don haka tabarau biyu take buƙata, na nesa da na kusa, kuma da ɗaya za a fara. Ya tambaya ko na kusan ta fi so, ni kuma na amsa mata.

Tabaran ya ɗauki kusan wata uku kafin ya iso daga Faransa. Kaurinsa kamar gindin kwalba. Ranar da ta sa shi a tsakar gida, sai ta kai hannunta gaban fuska tana juya shi. Ta ce ashe haka zanen tafin hannu yake. Ta kama kunnena ta jawo ni kusa, ta daɗe tana dubana, sannan ta ce, “Maigida, ashe haka hancinka yake? Shekara ashirin ana cutata! A ba ni takardata.” Gidan ya kaure da dariya. Ta sa aka kawo allura, ta zura zare a karo na farko, ta zare, ta sake zurawa. Sai ga hawaye. Ta ba mu labarin da babu wanda ya sani, cewa tun tana yarinya ake dukanta a kan tsakuwa a cikin abinci, ana ce mata ƙazama, ita kuwa ba ta taɓa sanin wasu suna ganin tsakuwar ba. Makon nan duk shinkafar makwabta ita ta tsince ta, ana hana ta tana ƙwacewa.

Nesa kuwa babu. Bishiyar mangwaron ƙofar gida ma sai ta gan ta kamar hayaƙi. Jikina ya ba ni daga ina matsalar take, amma na yi gum. Wata Juma’a da hantsi, bayan an ɗauke ruwa, ta ɗaura mayafi ta kama hanyar Miskine ita kaɗai, don ta ba ƙanwarta mamaki. Ba ta yi nisa ba ta zurma cikin lambatu. Wasu mata masu rogo suka ɗauko ta, jiki duk jan laka, wuyan hannu ya targaɗe. Ana ɗaure mata hannun tana cewa kada kowa ya ga laifin likita, Allah ne ya karɓi nesa ya ba ta kusa, ta gode masa. Wannan godiya tata ita ta hana ni sukuni. Kwana biyu ina kewaye-kewaye, a na uku na durƙusa gabanta na faɗi komai, har korar malamin da na yi.

Ta saurare ni har na gama. Can ta ce, “To, da ka ce a’a fa, da na mutu ban ga kafar allura ba. Amma ba wayonka ba ne, Allah ne ya rufa maka asiri. Tashi mu koma, kuma da bakinka za ka faɗa.” Haka aka yi. Na tsaya gaban malamin nan na ce masa da Sango Faransancina bai kai ba, ya taimake ni. Bai yi mini dariya ba. Shi ya riƙa fassara, Iya tana amsawa da kanta, likita yana canza gilasai a idonta har ta ce ta ga tsuntsu a kan katanga.

Ranar da tabarau na biyun ya iso, ta tsaya a ƙofar gida ta riƙa kiran sunayen masu wucewa ɗaya bayan ɗaya, mutane na tsayawa suna tafawa. Daga nan ta kama hanya, ina biye a baya, ta hana ni riƙe mata hannu har Miskine. Ƙanwarta na hango ta ta yar da muciya ta rangaɗa guɗa. Iya ta rayu shekara tara bayan haka, tabarau biyu rataye a wuya da igiya, tana ɗinka wa jikoki huluna karkatattu, kuma dole a sa.

Yanzu ni ma yanar idon ta kama ni, an ce mini gilashin a cikin idon ake dasa shi, kuma akan tambayi mutum ko nesa ya fi buƙata ko kusa. Shi ya sa na rubuto. Tabarau ana cirewa a sake wani, wannan kuwa ba a cire shi kamar hula. Ku da kuke raka iyayenku asibiti, idan ba ku gane ba ku ce ba ku gane ba, kunyar minti ɗaya ce. Idan kun gane ma, ku juya ku tambayi mai idon abin da yake marmarin gani. Ni na yi kuskure ya zo da alheri, amma kada wani ya dogara da irin sa’ata. Na riga na gaya wa ’yata da za ta raka ni: ta zauna kusa, ta riƙe mini sanda, amsa kuwa ni zan bayar.